Wasan Tulu da Na Koya wa Nafisa

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Daga Sabon Birni, zuwa ga uwar Nafisa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Malam Garba. Ina roƙon Allah ya sa kun sauka Sakkwato lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na waɗanda ke tare ta, ya sa ku shiga gidan Hajiya da ƙafar dama. Allah ya sa alheri ne ya ɗaga ku.

Kin san ke ce ta fari gare ni. Bakina bai taɓa kiran sunanki ba, ban kuma taɓa zamna da ke tabarma guda mun yi dogon zance ba. Haka anka rene mu, ban ce laifi ne ba. Amma akwai maganar da ba ta aikuwa ta bakin wani, ga shi in na buɗe baki gabanki, ko kunya ta riƙe ni ko faɗa ya ƙwace mani, kin dai san halina. Shi ya sa na nemi takarda da biro. Rubutun ajin yaƙi da jahilci ne, ki yi haƙuri da karkacewarshi, ki karanta a hankali inda ba kowa. Ba labarin gari za ni ba ki ba, tare munka gan shi. Maganar ɗiyarki ce.

Yarinyar nan ba lafiya take ba. Na san za ki ce tana ci, tana barci, jikinta ba zafi. To, ɗiyar da shekararta shida, a aje ta wuri da hantsi a dawo da azahar a iske ta nan, zanenta ko ƙura bai ɗauka ba, wagga ba lafiya take ba. Ran da Hajiya, yayar mijinki, ta zo duba ku, na ji tana cewa ba ta taɓa ganin yarinya mai natsuwar Nafisa ba, wai ko cikin falonta anka bar ta da kofunan tangaran ba abin da zai same su. Na ga yadda kinka washe baki. Ni kuwa tashi na yi na zagaya bayan ɗaki, don kada in gaya wa baƙuwa magana. Kada ki karɓi wanga yabo, kada kuma ki bari a riƙa yin shi a kunnen yarinyar. Abin da suke yabawa ni na sa mata shi da hannuna. Na san yadda anka yi ya shiga, yadda ake fid da shi ne ban sani ba.

Bari in faro daga kanki. Ke ba haka kike ba kina ƙarama. In kin manta ni ban manta ba, don ni na sha wuyarki. Duk garinmu ba a yi ɗiya mai ɓarna irinki ba. Wata damina ruwa ya sauka tun safe ya ɗan tsagaita da hantsi, ke da ɗiyan Dije, Bafillatanar nan da ke kawo mana nono daga ruga, kunka toshe rariyar da ruwan tsakar gida ke fita ta cikinta. Wai gulbi kuke yi. Kunka gina gari a wagga gaɓa, kasuwa a waccan, ɗiyan Dije sunka ƙera shanun laka masu ƙahon ƙaya, ke kinka yi jirgin kara kina tsallakar da su. Ni ina ɗaki ban san abin da ake ciki ba, na ƙwala maki kira na aike ki ɗebo wuta a maƙwabta. Kina fita ruwa ya dawo da ƙarfi. Kafin a ankara tsakar gida ta zama tafki, gindin rumbu ya jiƙe, katangar yamma ta zube. Mahaifinki, Allah ya jiƙanshi, sai da ya yi kwanaki yana kwaɓa ƙasa. Na yi maki dukan da har yau in na tuna hannuna yakan yi nauyi.

Katanga ta faɗi, dole a yi fushi, ban ce ba. Inda na kuskure shi ne da na zo kwashe lakar da kunka toshe rariyar. Na iske sakaina a tsakiya, an yanke ta daidai bakin ramin, an huda samanta an ɗaura zare. Ashe ƙofa kinka yi wa ruwan. In ya yi yawa a ja zare ya wuce, in ya ragu a sake ta. Ba wanda ya koya maki, ba ki taɓa ganin irinta ba, kuma shekarunki ba su wuce na Nafisa na yanzu ba. Da ban aike ki ba da kin ja zarenki. Na juya ta a hannu, na gane sarai abin da take, sannan na wurga ta waje ban ce maki komai ba, don ina ganin in na yaba gobe ɗakin kwana za ki rushe. Tun daga nan kinka bar kawo mani abin da kinka yi in gani. Kinka koma zane da gawayi a bayan rumbu inda ba ni zuwa, kuma daga wanga zanen ne lallen da kike yi wa amare ya fito, wanda yau shi ne abincinki. Ɗan abin da ya tsira daga hannuna ke nan, sauran ban san yawanshi ba.

Don haka in Allah ya sa wata rana kin shigo kin iske Nafisa ta yi kaca-kaca da wuri, ki aje tsintsiya tukuna. Ki durƙusa ki tambaye ta mi ne ne wanga, ki bari ta gaya maki har ƙarshe, ko da tuwo na kan wuta. Bayan nan ki yi faɗanki in na yi ne, ku share tare. Yaro ba shi yin sabon abu bai ɓata wani ba, ɓarnar da abin kirkin hannu guda ke yin su. Ni sai da na tsufa na gane, lokacin ke kin riga kin zama abin da kinka zama, macen da ko tsumma sai ta ninke shi kafin ta aje. Ba gori nake maki ba, aikina ne.

Da anka haifi Nafisa na ce to, Allah ya dawo mani da ke, kuma wanga karon kaka nake, ba kunya tsakanina da ita, wasa ne rabona. Ta kuwa biya ni. Tana fara tafiya ta fara sace mani goro tana kai wa akuya. Ta ce mani tsohuwa mai wawulo, ni in ce mata mai kan ƙwarya, mu wuni muna yi. Kin tuna ran da ta kwashe garin tuwon dare ta dama a kaskon kaji, wai suna ake yi, kazarmu ta haihu? Kowane ɗan tsako sai da ta raɗa mishi suna, har da mai sunan liman. Ke kinka ɗauko muciya, ni na tare. Waƙa kuwa ba ta rera ta kowa, tata take yi, da kalmomin da babu su a Hausa babu su a Fillanci, in an tambaye ta ta ce yaren tumaki ne. Gidanmu bai san shiru ba sai tana barci. Ki riƙe waccan yarinyar a ranki, ita ce ɗiyarki, ita za ki nema.

Sannan shekarun mashin sunka zo. Ba sai na gaya maki ba. Dije ma ta bar zuwa, anka wayi gari rugarsu ba kowa, ko sallama ba mu yi ba. Da an ji ƙugin mashina da yawa, kowace mace ta suri na goye ta ja na ƙasa, in damina ce a faɗa cikin gero, in rani ne a gangara kwari. Kowa kuma ya san kukan yaro guda ya isa ya tona asirin unguwa. Mata sunka yi ta dabara. Wata ta cusa wa ɗanta bakin zane, wata ta ɗura mishi maganin tari mai sa barci, wata ta yi ta ba shi tsoro da dodo har ya koma fitsarin kwance. Ni na dubi duk wannan na raina. Na ce ni ba za ni tsorata jikata ba, ba za ni toshe mata baki ba, da wasa na san ta, da wasa za ni kama ta. Har ina jin kaina mai wayo.

Na kira ta gindin randa na nuna mata tulu. Na ce ta duba, tulu ba shi magana, ba shi motsi, ko ƙuda ya sauka kanshi ba shi korar shi. Na ce za mu yi wasa, in na dafa kanta na ce tulu, ta zamna ta naɗe hannu, ni ma in zamna, wanda ya fara motsi an cinye shi. Wanda ya ci yana da ƙuli-ƙuli. Da farko ba ta kai ko'ina take fashewa da dariya. Amma Nafisa ba ta son a cinye ta, wanga kam halin gidan ubanta ne, sai ta dage. Kullum da la'asar sai mun yi. Kafin gero ya fid da kai ta fi ni iyawa, ni ce ƙafata ke sagewa in motsa, ita tana nan ƙyam.

Ran da abin ya zo da rana tsaka ne, ke kin tafi kasuwar Isa sayen lalle. Munka shiga geron bayan gari, mu mata da yara. Na zamnar da ita, na dafa kanta, na faɗi kalmar. Ɓarayin nan masu mashin sunka tsaya bakin gonar, kusa ƙwarai, muna jin maganarsu, muna jin warin tabarsu. Ɗaya ya shigo cikin geron ya yi fitsari, ina kallon takalminshi. Ban san tsawon zaman ba, inuwa dai ta juya kafin su tafi. Da na ɗaga ta sai na ga ashe kan gidan cinnaka na aje ta. Tun daga yatsun ƙafa har cinya sun rufe ta, fatar ta kumbura ta yi jawur. Ko uffan ba ta ce ba, hawaye dai sun bushe mata a kunci. Ina kakkaɓe ta, ta ɗago ta dube ni ta ce da ƙaramar murya:

"Kaka, na ci?"

Na ce ta ci.

Shirun wannan rana ban yi nadamarshi ba, kuma ba za ni yi ba. Da ta yi kuka, Allah kaɗai ya san inda muke yau. Abin da na yi bayan nan ne ke ci na. Kamata ya yi in rungume ta in ce ta yi kukanta yanzu, ta yi ihu har gari ya ji, cizon cinnaka na da zafi kuma ba laifi ba ne a ce wayyo. Sai na saɓa ta a kafaɗa na bi gida gida ina nuna ƙafafunta, ina cewa ku zo ku ga jarumar jikata. Na cika mata hannu da ƙuli, har alewa na saya. Mata sunka riƙa kawo mani ɗiyansu in koya masu. Ke ma kin yi kuka da kinka dawo, amma kin yi alfahari, na gani. Yarinya ta duba ta ga duk abin da ta taɓa yi a duniya, waƙa da tsokana da ɓarna, babu wanda ya sa anka ɗaga ta sama sai wanga zaman.

Mafi muni, abin ya yi mani daɗi. Ki ji nan da kyau, don nan ne ke ma za ki iya zamewa. Na samu kalma guda mai kashe hayaniya. In za ni yi sallah tana ja mani hijabi, tulu. In baƙi sunka zo tana shiga zance, tulu. In ina son in ɗan kishingiɗa da azahar, tulu. Ba mashin ba komai, gajiyata ce kawai. Da munka baro gida munka dawo Sabon Birni cikin ɗaki guda a gidan mutane, matar mai gida ba ta son surutun yara, mu kuma masu cin arziki ne, sai na ƙara. Ƙulin ma na bar bayarwa, ita kuma ba ta sake tambaya ba. Ban taɓa tsayawa na yi tunanin cewa ita a wurinta, duk sadda na faɗi kalmar, mutanen nan ne ke tsaye bakin gona ba. Ke nan sau nawa a wuni nake mai da ita cikin geron nan, don kawai in samu barcin rana?

Abin da kinka tanada don ranar ceton rai, kada ki taɓa shi don hutunki. Kalmar nan kada ta fito bakinki ko da wasa, ki kuma gaya wa Malam Garba, don na ji shi ma ya ɗauka. Birni yana da irin nashi. Na ga yadda autan Hajiya da ta zo da shi ke zama in an miƙa mishi waya, ido ƙur, baki sake, uwar tana jin daɗi ta samu sarari. Nafisa za ta karɓa hannu biyu, don zama wuri guda ta iya. Kada ki ba ta don ki huta. In an sa ta makaranta kuma, ki je da ƙafarki ki ga malamarsu, ki gaya mata kada ta riƙa nuna ta tana ce wa sauran su yi koyi da ita. Malamai na son yaron da ba shi motsi, ban ga laifinsu ba, aji ya cika masu.

Da na farga sai na sake tafka wata wautar. Na je bakin gulbi na ɗebo laka mai kyau, na aje gabanta, na ce ta yi wasa. Ta dube ni. Na ce ta gina saniya, ko tukunya, ko abin da ta ga dama. Ta ɗauki curin ta riƙe, ta tambaye ni ƙaƙa ake ci a wanga wasan. Na ce ba a ci, yi kawai ake yi. Ta ce to in ta yi ba daidai ba fa? Kin san ni, zuciya ta taso mani, na daka mata tsawa, na ce wace irin ɗiya ce wagga da ba ta san wasa ba. Ta naɗe hannu da lakar a ciki. Haka ta riƙe ta har ta bushe ta tsattsage, sai gab da magariba na ɓamɓare mata yatsu na cire. Ranar ban iya cin tuwo ba.

Ba a umurtar yaro ya yi wasa. Ki aje kayan inda za ta gani, ki juya baya ki kama aikinki. Gidan Hajiya na ji an ce ko'ina tayil ne, ko ƙasar da kaza za ta tona babu. Ki nemi lungu bayan ɗakin girki, ki sa a juye maki yashi, ki zuba tsofaffin gwangwanaye da murafe da kara da tsumma. Kada ki jera su, ke da jeri, watsa su za ki yi. Kada ki tsaya kanta. In ta taɓa ko da ɗan yatsa ne, ki yi kamar ba ki gani ba, tambayar da na ce ki yi ta can gaba ce, in ta ɗan warware. Yabo ma ki rage, ki duba inda ya kai mu.

Wataƙila abin da za ta fara yi ba zai yi maki kyan gani ba. Yaran unguwar nan da munka zamna, kusan duk 'yan gudun hijira ne irinmu, kin ga wasan da suke yi a kangon bayan masallaci. Bindigar kara, rawanin tsumma, su kama ƙanana su ɗaure da igiyar rama, ɗaya ya kara tsohon takalmi a kunne wai waya yake yana ciniki. Ran farko da na gani na ɗauki sanda na tarwatsa su, na bi su har gidajen uwayensu ina masifa, anka zane wasu. Ba su bari ba, sun dai ƙara nisa. Daga baya ina tsintar itace na laɓe na kalle su sosai. Ashe kullum sai sun sake ƙarshen. Yau waɗanda anka kama su kwance igiya su gudu, gobe wata tsohuwa ta zo da taɓarya ta kori ɓarayin, jibi jaki ne zai yi magana ya nuna hanya. Ran nan ɗan da ke yin shugaban ɓarayi ya ce shi ya gaji, anka mai da shi mai sayar da kankana, wasa ya koma kasuwa. Ga ƙura, ga ihu, ga faɗa, wani ya fasa wa wani baki. Amma a wasansu ban taɓa ganin wanda anka kama bai dawo gida ba.

Sai na tuna mu ma da muna yara, in an gama girbi, samari kan yi wasan kara. Wani ya zama hakimi, wani alƙali, wani ɗan sanda mai kulkin kara, a yi ta kwaikwayon duk wanda ake jin tsoro, gari ya hargitse wuni guda, dattawa na zamne suna dariya. Ba wanda ya ɗauki sanda. Mu manyan yanzu mun kasa yin komai da abin da ya same mu in ban da ƙunci da hawan jini, yaran nan kuwa sun sa shi gaba suna juya shi yadda suke so. Nafisa na tsaye jikin bango tana kallonsu, ko sau ɗaya ba ta shiga ba. Wallahi da in gan ta haka, gara in gan ta da bindigar kara. To in ta ɗaure 'yar tsana, ko ta binne ta cikin yashi, ko ta cusa ta cikin ciyawa ta hana ta magana, kada ki ce subhanallahi ki fizge. Ki bar ta ta kai ƙarshe, in ba ta kai yau ba ta kai wata rana.

Hajiya mutuniyar kirki ce, ta buɗe maku gidanta lokacin da wasu sunka kashe waya, Allah ya saka mata. Amma mai son tsari ce, ku kuma masu cin arziki ne, na san yadda wanga ke lanƙwasa mutum tunda ni ya lanƙwasa ni. Ran da Nafisa ta fasa mata wani abu za ki rasa inda za ki sa kanki. Ki shiga tsakani. Ki ba da haƙuri da bakinki, ki durƙusa in ta kama, ki sayo wani ki mayar, amma kada ki juya ki huce kan yarinyar don Hajiya ta ga kina da tarbiyya. Kunyar ke za ki ɗauka, ke ce babba. In kuma kinka ga zaman ba shi yiwuwa sai yarinya ta koma gunki, ki matsa wa mijinki ku nemi ɗaki ko na zana ne. Na fi son in ji kuna kwana inda ruwa ke zuba.

Saura magana guda, ita ce mai nauyin. Kin ga ban rako ku tasha ba, na ce ƙafata. Ƙafata lafiya lau. Na kuma san kun shirya da Malam Garba bayan sallah za a aiko mota a ɗauke ni, har Hajiya ta ware mani ɗaki. Kun kyauta, Allah ya yi maku albarka. Kada a aiko.

Ga abin da ya faru. Ranar kasuwar da ta wuce, ke kin fita yin sallama da mutane, ni na je sayen gishiri na dawo da wuri. Ina shiga zaure na ji murya bayan ɗakinmu, wajen turken awakin matar mai gida. Na ɗauka ɗiyar maƙwabta ce. Na leƙa ta tsagar zana, sai na ga Nafisa. Ta kwashe mani busasshiyar kuɓewa duka da kuka ta juye a kwanon wanki, ta zuba ruwa da toka, tana tuƙawa da takalmina. Zanenta sharkaf, har gashinta ya samu. Tana yi wa ɗan akuya faɗa, wai ya zo biki bai kawo gudummawa ba, kuma da muryata take yi, har da yadda nake jan tsaki. Sannan ta yi dariya. Rabona da jin wagga dariyar tun muna gida. Na dafe bango ina ta alhamdu lillahi a zuci.

Sai zumuɗi ya ɗebe ni. Na ce bari in shiga in tsokane ta irin ta da, in ce wace mummunar ce ta cinye mani kuɓewa, ita kuma ta rama. Na zagayo ina murmushi, wallahi ina murmushi, ban ce komai ba tukuna. Tana ganina ta saki takalmin. Ta zamna cikin caɓin nan, ta naɗe hannu, ta kafe ni da ido. Na yi tsokanar, na yi rawa, tsohuwa da ni, na ɗebi kwaɓin na shafa a fuskata. Na ce mata an gama, ba sauran wancan wasan har abada. Ba ta motsa ba. Sai da na koma ɗaki na daɗe sannan na ji ta tashi, kuma ba wasan ta koma ba, tsintsiya ta ɗauka.

Yanzu ba sai na faɗi kalmar ba, fuskata ta isa. Yarinyar tana nan ciki da ranta, na gani da idona, amma ba ta fitowa inda nake. In na biyo ku, na kai mata gonar nan har Sakkwato. Kin san ba don daɗin garin nan za ni zamna ba, ni ma in na ji mashin gabana faɗuwa yake. Kuma tun da anka yaye ta a ɗakina ban taɓa kwana nesa da ita ba, ban san yadda za ni yi da safiya ba. Amma na auna, na ga wanga ne kaɗai abin da ya rage a hannuna da zai amfane ta. Kada ki roƙe ni, kada ki sa Malam Garba ya turo mani manya, kin san in na kafe na kafe. Kada ki haɗa ni da ita a waya. Kada ki kawo ta da sallah. In Allah ya sa ta warware har ta isa ta dube ni ta yi mani rashin kunya, ke za ki fara gani, ba sai an gaya maki ba. In kuma kwanana sun ƙare kafin nan, to haka Allah ya rubuta.

Kada ki damu da ni. Matar mai gida ta ce in ci gaba da zama, ga 'yar daddawar da nake yi, ba za ni rasa tuwo ba. Allah ya tsare ku dare da rana, ya buɗa wa Malam Garba, ya sa albarka a hannunki, ya ba ki haƙurin da ni ban samu ba. Allah ya buɗe bakin Nafisa, ya sa ta gajiyar da ke. Allah ya kawo mana ƙarshen wanga bala'i, ya mai da kowa gidanshi lafiya.

In ta tambaye ni, ki ce ina lafiya, ina gaishe ta. In ba ta tambaya ba, kada ki tuna mata.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarki.